Girman Harafi a Jikin Kyauta: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mana a Kumasi

Sana'armu ita ce zana rubutu a jikin kaya: zobe, agogo, biro, filas, faranti, jakar fata, allon karramawa. Masu zuwa wurinmu daga Aboabo da Asawase da Sabon Zango, har da 'yan kasuwar Kejetia, kusan kowa da kalmominsa yake zuwa a shirye, ko a waya ko a gefen takarda. Abin da ba a cika yin tunaninsa ba shi ne girman da harafin zai kasance, alhali a nan ne aiki yake yin kyau ko ya ɓaci. Ga tambayoyin da muka fi ji, da amsar da muke bayarwa.

Na ce a yi mini lamba 12 kamar yadda nake bugawa a kwamfuta, sai aka ce in faɗi milimita. Me ya sa?

Saboda lambar kwamfuta ba tsayin harafin da idonka yake gani take aunawa ba. Lamba ɗaya kashi ɗaya ne cikin 72 na inci, wato kusan milimita 0.35, don haka lamba 12 ta ɗan haura milimita 4. Amma wannan awo ya haɗa da filin da aka bar wa kan harafi irin su "l" da jelar harafi irin su "g". Babban baƙi a lamba 12 bai wuce milimita 3 ba, ƙaramin baƙi irin "a" ko "n" kuma wajen milimita 2 ne. Sannan salon rubutu ya bambanta: ka buga suna ɗaya da Arial, ka sake buga shi da Times New Roman a lamba ɗaya, za ka ga na Arial ya fi cika ido.

Mu da rula muke aiki. Idan muka ce milimita 3, tsayin babban baƙi muke nufi, daga ƙafarsa zuwa kansa. Duk wurin da ka kai aiki, tambayi mai zanen ko babban baƙi yake aunawa ko ƙarami, don kada ku yi magana ɗaya kuna nufin abu biyu.

Wace ƙanƙanta ce ba a wucewa?

Ya danganta da abin da za a zana a kai. Ba na'ura ce kaɗai take yanke hukunci ba, jikin kayan ma yana da ta cewa.

Ƙarfe ya fi komai karɓar ƙaramin rubutu. A kan zinariya da azurfa da tagulla da ƙarfen da ba ya tsatsa, leza ta faiba, wato na'urar da ke zane da tsinin haske, ko allura mai bakin daimon suna iya fitar da harafi mai milimita 1 tsaf. Iyawa daban, karantuwa daban: mu ba ma son sauka ƙasa da 1.5 sai dole.

Katako kuwa ƙona shi leza take yi, kuma ƙuna tana yaɗuwa kaɗan ta gefen layi. Cikin "e" da "a" yana cikewa da baƙi idan harafin ya yi ƙanƙanta. A katako milimita 5 muke farawa. Shi ma katakon kala-kala ne. Katakon da ake kira wawa fari ne mai laushi, rubutu yana fitowa raɗau a kansa amma ƙunar tana saurin faɗaɗa. Odum yana da duhu da kaushin jijiya, siririn layi yana ɓacewa a cikin jijiyar, don haka yana son harafi babba mai kauri. Sapele yana tsakani. Wanda zai sayo katakonsa da kansa a Sokoban, ko ya sayo sassaƙa a Ahwiaa yana son a sa suna a ƙasanta, ya dubi inda jijiyar ta fi lafawa, can za a yi rubutun.

Gilashi ba narkewa yake yi ba, fashewa yake yi ƙanana-ƙanana har wurin ya yi fari. Shi ya sa gefen harafi a gilashi ba ya kaifi kamar na ƙarfe, kuma shi ma muke ba shi milimita 5 zuwa sama. Fata tana karɓar 3 zuwa 4 idan mai santsi ce. A nan akwai gargaɗin da bai shafi girma ba amma ya shafi lafiya: wasu jakunkunan da ake sayarwa da sunan fata roba ce, kuma wadda aka yi da PVC idan leza ta ƙona ta tana fitar da iska mai guba. Idan mai zane ya ƙi karɓar jakarki saboda wannan, Hajiya, ba wulaƙanci ba ne.

Zoben aure nake so a rubuta wa suna da kwanan wata a ciki. Zai ɗauka?

Yawanci yana ɗauka, amma sai an yi lissafi. Zagayen cikin zoben babban mutum yana tsakanin milimita 50 da 65. Ba duka ne namu ba. Akwai hatimin maƙeri da lambar awo, 750 ga zinariya karat 18, 916 ga karat 22, 925 ga azurfa, ba a taɓa su. Sannan muna barin fili a ƙasan zoben, domin nan maƙeri yake yankawa idan yatsa ya ƙara kauri aka zo faɗaɗawa. Amarya ta yau ba lallai yatsanta ya zauna yadda yake ba bayan haihuwa biyu, kuma abin takaici ne a yanke rabin sunan miji wajen gyara. Abin da ya rage mana bai cika wuce milimita 40 ba. Da harafi mai tsayin 1.5, wannan fili yana ɗaukar baƙaƙe 25 zuwa 30, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi.

Faɗin zoben shi ne ɗaya ma'aunin. Mai faɗin milimita 4 yana ɗaukar harafi 1.5 zuwa 2, a bar kusan milimita 1 sama da ƙasa. Siririn zoben mata mai faɗin milimita 2 kuwa, harafin farko na sunaye biyu da shekara sun ishe shi.

Akwai abin koyi a nan da ya kamata a tuna. Anas ɗan Malik ya ruwaito, kamar yadda ya zo a Sahihul Bukhari, cewa zoben Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, na azurfa ne, kuma rubutun da ke jikinsa layi uku ne: Muhammad a layi guda, Rasul a layi guda, Allah a layi guda. Kalma uku kacal, kowace da wurinta. Zoben maza mai faffaɗan kai har yau haka ya fi kyau, a jera kalmomi kaɗan a kan juna maimakon a matse su a layi ɗaya.

Game da sa sunan Allah ko aya a abin da ake shiga bayan gida da shi, wannan tambayar malamai ce. Ka ji ta bakin malaminka kafin ka kawo aikin.

Saƙona ya yi tsawo. Ba sai a ƙanƙanta harafin ya shiga ba?

Wannan ita ce tambayar da muka fi jayayya a kanta da masu kawo aiki, kuma matsayinmu bai canza ba: a rage magana, a bar harafi da girmansa.

Mun san daga ina abin yake fitowa. Wanda zai yi wa mahaifiyarsa kyauta zuciyarsa a cike take, yana son ya faɗi godiya da addu'a da neman gafara duk a bayan agogo ɗaya. Na'ura ba za ta ƙi ba, za ta rubuta kalma arba'in a filin da bai fi kwabo ba. Amma ranar da aka miƙa wa Inna agogon, za ta juya shi, ta nisanta shi da ido, ta matso da shi, ta miƙa wa jika ta ce, "Karanta mini, me aka rubuta?" Daga ranar ba za ta sake duba bayan agogon ba. Da an rubuta "Allah ya saka, Inna" da shekara a ƙasa, da kanta za ta karanta, kuma duk baƙuwar da ta shigo ɗaki sai an nuna mata.

Doguwar maganar ba a jefar da ita. A rubuta ta da hannu a kati a sa cikin kwalin. Abin da za a zana a ƙarfe a zaɓi wanda zai tsaya shi kaɗai. Daidai ruwa daidai tsaki.

Hanyoyin ragewa suna da sauƙi. Kwanan wata da lambobi, 14.06.2025, ya fi gajarta a kan rubuta sunan wata. "Daga" da sunan mai bayarwa sau da yawa ba a buƙatarsu, wanda aka ba ya san wanda ya ba shi. Idan ana son shekarar Hijira da ta Miladiyya duka, a sa shekarun kawai ban da rana da wata.

Da Larabci ko ajami nake so. Girman ɗaya ne da na boko?

A'a, ya fi son fili. Dalili kuwa ɗigo ne. Baƙaƙen ba da ta da sa jikinsu ɗaya, ɗigo ne ya raba su, haka jim da ha da kha. Tun zamanin Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a shekarar 940, marubutan Larabci da ɗigon alƙalami suke auna harafi, kuma a salon rubutun Larabci da ake kira naskhi tsayin alif kusan ɗigo biyar ne. Yi lissafi da kanka: alif mai milimita 2 ɗigonsa 0.4 ne. A ƙarfe zai fito, amma ɗigo biyu na ta za su so haɗewa su zama layi, kuma bayan 'yan shekaru na gogayya da fata da sabulu ana iya rasa su. A katako ko gilashi tun ranar farko ba za su rabu ba. Don haka a ƙarfe alif milimita 3 muke farawa, a katako 8 zuwa 10. Idan za a sa wasali, fataha da kisira da rufu'a da shadda, a ƙara rabin wannan a kai, kuma a buɗe tazarar layuka domin kisirar layin sama kada ta zauna a kan fatahar layin ƙasa.

Abu biyu kuma da ya kamata ka duba da idonka. Na farko, wasu manhajojin zane ba su san Larabci daga dama yake farawa ba, sai su warware baƙaƙen su jera su daga hagu. Mai na'urar da bai yi makarantar allo ba ba zai lura ba, kuma a Kumasi da yawa daga masu wannan sana'a ba su karanta Larabci. Na biyu, dattawanmu na Zango da suka yi karatu da rubutun Warshu sun saba ganin fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, yayin da kwamfuta take ba da fa mai ɗigo a sama da ƙaf mai biyu. Idan kyautar ta saukar Alƙur'ani ce ko ta malamin allo, faɗa mana wanne ake so. Mafi kyau ma malamin da ya iya rubutu ya rubuta da tawada a farar takarda, mu ɗauki hoton rubutun mu zana shi yadda yake.

Sunan yana da ɗ ko ƙ. Zai fito?

Zai fito idan salon rubutun yana da su, kuma da yawa ba su da su. Abin da kan faru shi ne kwamfuta ta aro harafin daga wani salo dabam, sai ka ga Ɗ na Ɗanladi ya fi sauran kauri ko ya karkace. Ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ ƙarama ce sosai, ƙasa da milimita 2 tana komawa kamar tabo. Haka alamar da ke cikin Sa'adatu ko Rabi'atu.

Wanda zai yi wa abokinsa Batone, wato mutumin Asante, kyauta da harshen Twi shi ma ya kula da ɛ da ɔ. Bakin ɔ a buɗe yake, idan ya yi ƙanƙanta sai ya rufe ya zama o. Tambarin adinkra, wato alamomin gargajiya na Asante, irin wanda ake bugawa a yadi a garin Ntonso, kamar Sankofa, yana da lanƙwasa da yawa, kada ya gaza milimita 10 a ƙarfe.

Allon karramawa za mu ba wani dattijo a taron ƙungiya. Yaya za a tsara shi?

Fara da tambayar inda allon zai zauna. Masu yin allunan talla suna da ƙa'idar da suka daɗe da ita: inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa, idan ana son a karanta ba tare da wahala ba. A awonmu kusan milimita 8 ke nan ga kowace mita ɗaya. Allon da zai zauna a kan tebur ko a cikin kabad ɗin falo daga mita ɗaya ake karanta shi. Wanda za a kafa a bangon masallaci ko makaranta sama da kan mutane, daga mita uku ko huɗu ake ganinsa, sunan da ke kansa yana buƙatar milimita 25 zuwa 30.

A allon hannu na yau da kullum girma uku muke amfani da shi, ba ma ƙarawa. Sunan wanda ake karramawa shi ne babba, 10 zuwa 12. Dalilin karramawar 5 zuwa 6. Sunan ƙungiya da kwanan wata 4. Kuskuren da kwamitoci suka fi yi shi ne su sa sunan ƙungiyarsu da tambarinta su cinye rabin allon, sunan mai allon ya koma ƙasa a takure. Wanda ya yi wa jama'a hidima shekara talatin, sunansa ya kamata ido ya fara sauka a kai.

Sai maganar laƙabi, wadda a wurinmu ba ƙarama ba ce. Ba a cire Alhaji ko Hajiya ko Limam ko Sarkin Zango ko Magajiya don a sami fili, haka Nana ga sarakunan Asante. Amma idan aka jera laƙabi uku da suna uku a layi ɗaya, dole harafin ya ƙanƙance. Abin da muke yi shi ne mu ba sarautar layinta a sama da matsakaicin harafi, sunan ya sami nasa layin da babban harafi. Girmamawa ta cika, sunan kuma ya fito.

Biro, agogo, filas fa?

Biro zagaye yake, kaurinsa bai cika wuce milimita 10 zuwa 12 ba, harafin da ya haura 3 yana fara zagayawa gefe. Milimita 2 zuwa 3, suna ɗaya, layi ɗaya. Ga ɗalibin da ya gama KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, sunansa da shekarar sun wadatar.

Bayan agogo a fara duba rubutun kamfani, wani ya cinye wurin gaba ɗaya. Idan akwai fili, layi uku ko huɗu na milimita 1.5 zuwa 2, mafi tsawo a tsakiya tunda wurin da'ira ne.

Filas mai fenti ya fi su sauƙi, leza tana cire fentin farin ƙarfe ya bayyana. Suna mai milimita 8 zuwa 10 yana kyau, muddin ana iya karanta shi duka ba tare da an juya filas ɗin ba. Idan sunan dogo ne a kwantar da shi bisa tsawon filas ɗin.

Shekarun wanda za a ba suna da tasiri?

Sosai. Daga wajen shekara 40 idon yawancin mutane yana fara gaza ganin abu na kusa. Idan kyautar ta Baba ce ko ta Kaka, ko ta wanda ya yi ritaya, ƙara rabin girman da ka yi niyya, kuma ka zaɓi harafi mai kauri.

Rubutun haɗe mai lanƙwasa ya fi burge ni. Akwai matsala?

Yana da kyau a suna ɗaya idan an ba shi girma. Ƙananan baƙaƙensa gajeru ne ƙwarai idan aka gwada da manyan, kuma layukan da suke haɗa su sirara ne kamar gashi, su ne farkon ɓacewa. Idan miƙaƙƙen harafi zai yi a milimita 2, na haɗe yana son 3 ko 4. Kada a rubuta shi da manyan baƙaƙe zalla, ba ya karantuwa. Inda fili ya yi ƙaranci sosai, kamar cikin zobe, manyan baƙaƙe miƙaƙƙu marasa ado sun fi komai fitowa.

Kofuna da farantai masu yawa za mu raba a biki, ko lambobin yabo ga ɗaliban Islamiyya. Girma ɗaya za a yi wa duka?

Na biki rubutu ɗaya ne, sai a gwada a guda ɗaya, uwar biki ta gani ta amince, sannan a yi sauran. Na ɗalibai kuwa sunaye sun bambanta, kuma suna mafi tsawo shi ne yake yanke girman kowa. Idan aka fara da Ali aka cika wurin, in an zo kan Abdurrahman sai an matse shi, yara kuma suna jera lambobinsu su gwada. Kawo jerin sunayen gaba ɗaya tun farko, a rubuce yadda iyayen suke rubuta su, domin Muhammad da Mohammed da Mahamadu duk suna nan a Zango kuma kowa nasa yake so.

Ta yaya zan tabbatar kafin a zana?

Kada ka amince da hoton da aka turo maka ta WhatsApp shi kaɗai. A waya zoben da filas ɗin duk girmansu ɗaya, kuma yatsa biyu suna faɗaɗa komai. Hoton yana da amfani wajen duba kuskuren rubutu, ba wajen girma ba.

Ka ce a buga maka rubutun a takarda da ainihin girmansa, ba ƙari ba ragi. Yanke shi da almakashi, manna shi da selotef a jikin kayan, ka ajiye a inda zai zauna, ka koma inda mai karatu zai tsaya. Duba shi da rana, ka sake dubawa da hasken ɗaki bayan magariba. In da hali ka nuna wa wani sa'an wanda za a ba, kada ka gaya masa abin da aka rubuta, ka ji ko zai karanta ba tare da ya tsaya ba. Gani ya kori ji. Ka tuna kuma baƙar tawada a farar takarda ta fi zane a ƙarfe fitowa, domin a azurfa rubutun da jikin launinsu ɗaya ne, inuwa ce kawai take nuna shi. Abin da ka karanta da ƙyar a takarda, a ƙarfe ba zai karantu ba.

Idan kayan mai tsada ne, nemi a gwada a guntun abu irinsa tukuna.

Idan an gama na ga ya yi ƙanƙanta, ana iya gyarawa?

Wani lokaci. Zinariya ko azurfa zalla ana iya goge wurin a sake, amma ƙarfen yana raguwa, kuma siririn zobe ba ya jure hakan. Abin da aka yi wa ruwan zinariya a sama, gogewa tana cire ruwan, sai an sake yi masa. Allon karramawa mai farantin tagulla a manne ana cire farantin a sa sabo, wannan ya fi sauƙi. Katako ana iya kankare shi idan yana da kauri. Gilashi da fata da filas mai fenti ba su da gyara, sai dai a sayi wani.

Farantin tagulla yana dusashewa da damshin Kumasi, masu shi kuma suna yawan goge shi da man goge ƙarfe. Kowace gogewa tana cin kaɗan daga samansa, kuma ƙaramin rubutu mara zurfi shi yake fara tafiya. Idan ka san abin za a riƙa gogewa, ka ce a zurfafa zanen a cika shi da baƙin fenti, harafin kuma kada ya gaza milimita 4.